Atishawar Ranar Arba'in

Ba zan taɓa mantawa da ranar addu'ar arba'in ɗin maigidana ba, ko da yake na so a ce wani abu dabam nake tunawa da ita.

Hatsarin mota muka yi a hanyar Argungu, muna komowa gida Birnin Kebbi. Shi Allah ya karɓi abinsa nan take. Ni kuwa hancina ne ya farfashe. Bayan kumburi ya saɓe aka yi mini aiki a wani asibiti a Sakkwato, aka yanko guringuntsi daga kunnena aka tokare karan hancin da shi. Da za a sallame ni likita ya ce kada in fyace hanci, kada in kwanta rub da ciki, in atishawa ta zo in buɗe baki. Ya ce idan abin ya goce sai an sake yankawa.

Wannan kalma ta "goce" ita ta bi ni har Argungu, gidan surukaina, inda na yi takaba. Salla a zaune nake yi. Ko tuwo zan ci sai na taɓa hancin na ji yana nan. Sai kuma na yi wani lissafi ni kaɗai: kuka yana kawo majina, majina tana sa a fyace. Saboda haka na hana kaina kuka. (Ban tambayi kowa ba. Haka kawai na yanke.)

Mutane sun lura. Na ji wata gwaggon maigidana tana cewa a bayan ɗaki, "Ni ban taɓa ganin mai takaba da busassun idanu haka ba."

Ranar arba'in mata suka cika tsakar gida, maza suna waje. Liman ya fara addu'a, kowa ya ɗaga hannu, gida ya yi tsit. Daidai nan iska ta kwaso hayaƙin tarugu daga madafa. Atishawa ta taso, na danne, na sake dannewa. Ta uku na wangale baki kamar yadda aka umarce ni, na saki wata atishawa da har kaji suka watse.

Wani abu baƙi, kamar ƙwallon dabino, ya faɗo a tafin hannuna.

"Wayyo hancina! Ya fito! Hancina ya fito!"

A tsaye na yi wannan ihu, har liman ya dakata a waje. Matar da kwana arba'in ba a ji muryarta a kan mijinta ba, ga ta tana kururuwa a kan hanci.

Inna, mahaifiyar maigidana, ta taso a hankali, ta buɗe hannuna, ta murza abin da yatsa ya ruɓushe.

"Busasshen jini na, ɗiyata." Ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama. "Hanci shina nan inda likita ya aje shi. Zamna."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki da mayafi. Na zauna, na ce, "Inna, tsoron kuka nike, kar shi goce." Ban ƙarasa ba kuka ya ƙwace mini. Ta jawo kaina kafaɗarta, tana dangwale mini hanci da gefen zanenta, ba ta matsa ba ko kaɗan.

Da na koma asibiti na tambayi wata nas ko kukan ya yi ɓarna. Ta dube ni ta ce, "Kuka kuma? Wa ya hana ki?"

Tun daga ranar, idan likita ya ba ni doka uku, uku nake riƙewa. Ta huɗun da nake ƙara wa kaina ita ce mai tsada.