Labarin Aro da Ƙanwata Ta Haddace

Zuwa ga Mai Girma Hajiya Jita-jita,
Shugabar Yaɗa Labarai ta Masu Neman Mafaka.

Bayan gaisuwa da jinjina, ranki ya daɗe, ina yaba ƙwazonki. Ofishin hukuma sai ya ga dama yake buɗe taga, shafinsa na intanet kuma an rubuta shi da yaren da ko mai gadinsu ba ya ji. Ke kuwa ba ki da hutu: kina layin famfo, kina rumfar mai cajin waya, kina cikin kowane saƙon murya. Sai dai ina da 'yan koke-koke.

Na ɗaya: kin ce za a fara kwashe masu ciwon baya zuwa ƙasar waje. Ɗakinmu kaf muka koyi tafiya a duƙe. Mota ba ta zo ba, maƙwabcina kuma har yau bai miƙe ba.

Na biyu: lambar lauyan da kika rarraba ta mai sayar da katifa ce. Mutumin kirki ne, ya saurari matsalata har ƙarshe, abin da ofis bai taɓa yi ba.

Na uku shi ya hana ni taka keken ɗinki. An sa wa ƙanwata ranar ganawa da jami'ai, wadda daga ita ake ba mutum izinin zama ko a mayar da shi inda ya gudo. Sai kika aiko da murya cewa labarin gaskiya ba ya ci, ga wani labarin da ya fitar da wata mata. Ƙanwata ta haddace shi tsaf, har da wurin da ake fashewa da kuka. Ashe mata da dama sun riga ta kai shi, gadar da ke cikin labarin ɗaya, kawun ma ɗaya a bakin kowacce. Jami'an suka ce ƙarya take yi, za a mayar da ita.

Ranki ya daɗe, a gabanta aka kashe mijinta, ta goya jariri ta keta daji. Me nata labarin ya rasa? Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ya isa. Raina a ɓace yake ƙwarai.

Roƙona ɗaya ne. Tunda ke kaɗai kike shiga ofishin ba tare da bin layi ba, ki raɗa musu cewa an ce tana da wani labarin, na gaskiya. Ita sun ƙi sake saurarenta. Ke kuwa ban taɓa ganin wanda bai yarda da ke ba.

Naki mai biyayya, mai kasa kunne don ba shi da wata majiya,
Tela, ɗakin ƙarshe a jeri.