Ranar da Na Ci Tseren da Ban Gama Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, don mutanen kasuwar Gadarif sun ɗaukar wa kansu alkawarin tuna mini har ranar da za a kai ni makwanci. Yanzu da gemu ya yi fari, gwiwa kuma ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, gara in ba da labarin da bakina kafin Babikir tela ya ƙara masa gishiri. (In shi ya ba ka, sai ka rantse har kuka na yi. Ban yi kuka ba. Gumi ne.)

Shekarun farko ne na mulkin sojojin nan masu gemu, zamanin da ko famfo za a buɗe a unguwa sai an yi kabbara an ɗaga ɗan yatsa sama. Ni kuwa sana'ata dakon man riɗi. Daga matsar mai ta bayan gari, inda raƙumi ke wuni yana zagaya turmi ido a ɗaure, nake ɗauro jarkoki a keke, wanda mu nan muke ce wa ajala, in raba wa masu shaguna. Kekena baƙi ne na ƙarfe, irin wanda in ya faɗo maka a ƙafa sai an kira mai ɗori. Wanda ya saba tuƙa shi da jarka huɗu cikin baƙar lakar garinmu, ranar da aka sauke masa kaya ji yake ya zama shirwa.

Duk shekara in an gama yankan riɗi, 'yan ƙungiyar keke ta gari sukan shirya tsere. Aji biyu ne. Ƙaramin aji namu ne masu keken ƙarfe: masu kai burodi, masu madara, da wani masinja mai tari. A miƙe hanyar Simsim har wata tsohuwar kuka, a juyo, shi ke nan. Babban aji kuwa na samari ne masu siraran kekuna, masu lanƙwasasshen kai, taya kamar igiyar guga. Doka ɗaya ce tsakanin ajin biyu, kuma kowa ya san ta: wanda ya hau babban aji, ya hau ke nan. Ba a saukowa.

A ƙaramin aji, ba yabon kai ba, ni ne sarki. Shekara da shekaru ina dawowa daga kukar nan in sha ruwa in gyara hula kafin na biyu ya ɓullo. Kasuwa ta sa mini suna Guguwa. In na wuce da jarkoki, masu shayi su ce, "Guguwa, a sauka a kurɓa!" Mutum irina, da karatunsa ya tsaya a aji uku na firamare, ba shi da gona a ƙasar noma ta Fashaga, ba shi da shago, wannan sunan shi ne gonarsa.

Babikir ne ya fara ɓata mini ruwa. Tare muka tashi, tare muka sha bulalar malam, don haka ba ya raga mini.

"Ya zol, kai mutumina," in ji shi, allura a baki, "bunsuru ya ka da 'yan awaki, shi ma har kirari ake masa? Ka ci mai madara, ka ci mai tari. In kai guguwa ce, ga samari can."

"Lokaci nake jira," na ce.

"Ka jira har haƙoranka su zube, sai mu sa ka a ajin masu sanda."

Daga nan na tafi wajen Ustaz Tijani, malamin wasanni na makarantar gari, wanda shi ne alƙalin tseren, na ce a rubuta ni a babban aji. Ya dube ni daga hula har silifa.

"Ya akhi, ɗan'uwana, cin ƙaramin aji ba shi ne ma'auni ba," in ji shi a hankali. "Ka zo ka riƙa fita da yaran nan da safe, ko da na damina guda. Ranar da ka iya bin su kana magana ba harshe a waje, ranar ka isa hawa. In ka hau yau, ka san ba komawa."

Shawara ce mai kyau, shi ya sa ban ɗauka ba. Na riga na yi nawa lissafin, kuma har yau ban ga inda ya karye ba: in da jarka huɗu ina gudu kaza, to ba jarka ko ɗaya, a kan keke marar nauyi, ai gudun ya ninka huɗu. Na faɗa wa Ustaz haka. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

A gida, maiɗakina Hajara tana tankaɗe ta ce, "Baban Amina, ka dai tambayi hanyar da manyan suke bi?"

"Hanya ai hanya ce," na ce. "Ƙafa ake tambaya."

Ta ci gaba da tankaɗenta. (Matan da suka san abu sukan yi shiru irin wannan. Na gane haka daga baya, kamar yadda nake gane yawancin abubuwa.)

Saura maganar sutura. Ni a ƙaramin aji jallabiyata nake naɗewa in ƙulle a kugu. Samarin nan kuwa da ɗan matsattsen wando suke fita, amma a zamanin, dattijo irina ya nuna gwiwa a tsakiyar kasuwa, 'yan sandan kula da ɗa'a suna iya karanta masa hukunci a gadon baya. Sai Babikir ya ɗinka mini wando na musamman, wai na tsere ne na masu tsoron Allah. Faɗinsa zai ɗauki ni da ƙanena. Keken kuma aro na yi wajen wani ɗalibin Ustaz. Na ɗaga shi da yatsa biyu, na yi dariya.

Ranar tsere, da hantsi, aka gama ƙaramin aji. Mai madara ya ci, karon farko a rayuwarsa, ya zo ya rungume ni yana mini godiya. Sai aka jera mu manya a bakin filin kasuwa. Ga wani babba daga ofishin wasanni da kaya masu aljihu huɗu, ga rabin kasuwa sun rufe shago sun zo ganin Guguwa. A nan ne Ustaz ya ɗaga makarafon ya ce za a zagaya kasuwa sau huɗu, ta layin maƙera, a karya ta kasuwar hatsi, a dawo fili.

Kasuwar hatsi.

A kwanar kasuwar hatsi rumfar surukina take, Baba Alhaji, mahaifin Hajara. Nan yake wuni a kan buzu da abokan hirarsa. Mu kuwa iyayenmu da suka tako daga yamma a ƙasa, sun iso ƙasar nan ba su da komai sai tasbaha da kunya, kuma sun bar mana duka biyun. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa wuce tsohon nan a kan keke ba. Sauka ake yi, a cire takalmi, a durƙusa. Ubana yakan ce wanda ya wuce surukinsa a kan abin hawa, rawaninsa ya taka.

Aka busa usur. Na danna feda da ƙarfin mai jarka huɗu, keken ya yi tsalle kamar ɗan akuya, wandon Babikir ya cika da iska ya zama laima. Kafin in daidaita, samarin sun dunƙule wuri guda, kowa hancinsa a bayan ɗan'uwansa, sun shige layin maƙera. Ƙurarsu kawai na samu.

Na iso kwanar. Ga Baba Alhaji, idonsa ya yi rauni amma na abokan hirarsa garau. Na ja birki. Na sauka. Na durƙusa.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Ni ne, Baba."

"A'a, Baban Amina! Kef halak? Ina gajiya? Ya iyali? Ya Amina da tarin nan?"

"Da sauƙi, Baba."

"An jiƙa mata bagaruwa kamar yadda na ce?"

"An jiƙa, Baba."

"Madalla. To, a sauka lafiya."

Na tura keken har na wuce rumfar, don ba a hawa a gaban babba, sannan na ɗare.

Zagaye na biyu na yi niyyar in sunkuyar da kai in wuce kamar baƙo. Shaiɗan ya ce wa zai gane ka? Na manta da wandon. Tun daga nesa na ji wani tsoho yana cewa, "Alhaji, ga surukinka ya dawo." Na sauka.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Ka dawo? Zauna mana, ga gahawar jabana yanzu aka sauke."

"Ina kan hanya ne, Baba."

"Kullum kuna kan hanya, 'yan zamani."

A na uku ya tambaye ni ko man bana ya kai na bara ƙamshi. Na amsa da sauran numfashin da ya rage mini, na tashi idona na ganin taurari da rana tsaka.

Ina fitowa miƙaƙƙiyar hanyar da ke shiga fili sai na ji ihu ya tashi. Na duba gaba, ba kowa. Na waiga, ga samarin nan duka a bayana, sun sunkuya suna haki suna bina. Jama'a na ta kururuwa, "Guguwa! Guguwa!"

To, a nan ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Ni ma na yi tunanin, sai dai irin nawa. Na ce ban ga inda na wuce su ba, amma ga su a bayana, ido kuwa ba ya ƙarya. Ai mun sha ji wajen malamai cewa akan naɗe wa bayin Allah ƙasa. Mutumin da ya durƙusa wa surukinsa sau uku a tsakiyar tsere, in ba a naɗe masa ba, wa za a naɗe wa? Na tattara abin da ya rage a cinyoyina, na tsallaka farin layin da taku kaɗan kafin su, na saki kan keke, na ɗaga hannu biyu sama.

Kasuwa ta fashe. Mata suka rangaɗa guɗa. Mahauta suka ɗauke ni a kafaɗa, wandona na kaɗawa kamar tuta. Babban nan mai aljihu huɗu ya ɗaga yatsa ya ce, "Takbir!" Fili ya amsa. Har ya miƙo hannu yana cewa mabruk, ni kuwa daga sama ina ɗaga wa mutane hannu a hankali, kamar wanda ya saba.

Sai makarafon ya yi ƙara. Muryar Ustaz Tijani ce, a natse, kamar mai karanta sanarwar jana'iza.

"Jama'a, a sauke shi. Saura masa zagaye ɗaya."

Ban taɓa sanin kasuwar Gadarif na iya yin shiru ba sai ranar. Mahautan suka sauke ni a hankali, kamar tulun aro. Wanda ya ci na gaskiya, wani siririn yaro ɗan ƙwadagon gona, yana tsaye gefe riƙe da kekensa, ba wanda ya ko ba shi ruwa. Babikir ne ya fara dariya. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya riƙe ciki, ya kasa ko magana, yana nuna ni da yatsa ɗaya. Daga nan fili ya ɗauka.

Ustaz ya matso ya ce a kunnena, "Ko ka cika, ko a ce ba ka gama ba. Zaɓi naka ne."

Na hau. Ni kaɗai na zagaya kasuwar, maƙera na buga mini guduma a kan uwar maƙera kamar ganga. Na tuna raƙumin matsar mai, na ce ashe shi ya fi ni gata, shi an ɗaure masa ido. Na iso kwanar hatsi, na sauka, na durƙusa karo na huɗu.

Baba Alhaji ya ce wa abokan hirarsa su ɗan ba mu wuri, ya jawo ni kusa, ya rage murya.

"Ɗan nan, tun safe kake kai da kawo a gabana kana haki. Ni ma na yi ƙuruciya, na san nauyin baki. Faɗa mini gaskiya. Kun yi faɗa da Hajara ne?"

Sunan Guguwa a filin nan aka binne shi. Tun daga ranar, Saura Ɗaya ake ce mini, har jikokina sun ɗauka sunan yanka ne. Ƙaramin aji ya haramta gare ni, mai madara ya gaji sarautata. Na yi shekaru ina fita da samarin da safe, abin da aka ce in yi tun farko, har na kai matsayin da in an yi tsere nakan bar mutum biyu a baya. Na daɗe ina cewa surukina ne ya ka da ni. Babikir kuwa, Allah ya shirye shi, yakan ce ai tun a layin maƙera aka gama da ni, tsohon rufa mini asiri kawai ya yi. Ba na amsa masa, don ba a jayayya da tela.

Yanzu yaran ƙungiya sukan zo rumfata su ce, "Baba Saura, yaushe mutum ya isa hawa babban aji?" Nakan gyara zama in ce musu: kada kirarin masu shayi ya hau da kai, kada gorin aboki ya tura ka. Ka bi manyan da safe har ka iya gaishe su kana tafe. In ka ga kowa a bayanka kuma ba ka tuna inda ka wuce su ba, riƙe kan kekenka da hannu biyu. Sannan kafin ka ba da sunanka, je ka tambayi matarka inda babanta yake zama.