Tukuicin Ɗakin Datuk

Wani ne ya zo karatu Kuala Lumpur, ɗan manomi gaba da baya. Ɗaki ya gagare shi a Danau Kota, sai abokinsa Hambali ya haɗa shi da wani attajirin Malay da ake kira Datuk, mai gandu a bayan gari. Shekara da shekaru Datuk na lallaɓa gandun nan don ya koma daji. Ya haƙa kududdufi, ya dasa itatuwa, har birai da tsuntsaye da 'yan barewa suka tare. Ya ba mutumin ɗaki kyauta a cikin gandun.

Da Datuk zai tafi Umara ya ce, "Zamanka kawai za ka yi, lah. Kada ka taɓa komai."

"Boleh," in ji gogan, wato "ba matsala" da Malay.

Mota na fita ya buga wa Hambali waya. "Mutumin nan akwai kara. Daji ya cinye masa gona, amma yana jin nauyin sa baƙo aiki."

"Cewa ya yi fa kada ka taɓa."

"Haka ake faɗa mana. In ya dawo ya same ni kwance, ai ɗakin ya tafi. Yaba kyauta tukuici."

Ya sayo adda ya hau sassabe, ya tara ya cinna wuta. Kududdufin ya cike shi da ƙasa, wai matattarar sauro ce. Birai kuwa ya bi su da danƙo da kiɗan gwangwani har suka bar unguwar. Sannan ya ja kunyoyi ya shuka masara, yana murna kamar ya ci jarrabawa.

Datuk ya dawo da baƙi masu kamara, zai nuna musu dajinsa. Ya tarar da fili fetal. Ya ce, "Ina biraina?"

"Ba mai dawowa, ranka ya daɗe. Na yi maganinsu."

"Tsuntsayen fa?"

"Sun bi birai."

"To 'yan barewar fa?"

"Su kam taurin kai gare su, sun ƙi tafiya. Na yi maka tapau, na ƙunshe maka cinyoyi, suna firji."

Datuk ya dafe kai, ya zauna daɓas a kan kunya yana salati.

Gogan ya durƙusa kusa da shi. "Kwantar da hankalinka, Datuk, halal ne. Da hannuna na yanka, har da bisimilla."