Buzuzu na Huɗu

"...lafiya ƙalau. Ya ƙafar? Ya ɗinki? Ya kuma kewata?"

"Kewarka? Tun da ka ɗauke ƙafa nake ƙiba. Me ya ƙone a gari da ka tuna hanyar gidan nan da tsakar rana?"

Dogo ya cire takalmi a bakin ƙofa ya sunkuyo ya shiga, don ɗakin ɗinkin kakarsa ba don irinsa aka gina shi ba. Kaka tana kan kekenta, tabarau a karan hanci, tef ɗin awo a wuya. Shekarar Dogo ashirin da biyar, gyaran waya yake yi a bakin titi, har Injiniya mutane ke ce masa, amma a ɗakin nan bai taɓa wuce mijin banza ba. Yau kuwa ya zo a shirye ya haɗiye duk abin da za ta jefa masa, saboda abin da yake nema yana hannunta.

"Haba amarya, miji ba zai leƙo matarsa ba sai da dalili?"

"Mijin da ko allura bai taɓa sayo mini ba. Ruwa ba ya tsami banza, Dogo. Bakinka yana gaishe ni, idonka yana kan gwangwanin zarena."

Ta kama shi dumu-dumu, sai ya fito da zancen a fili. Gobe akwai gasar wasan katin dabbobi a shagon da suke taruwa. Kowane ɗan wasa yana haɗa kati arba'in, abin da suke kira runduna, ya kai a rubuta kafin ƙarfe huɗu na yau. Wanda bai kai ba, sai ya tsaya ɗan kallo. Dogo yana da talatin da tara. Rundunarsa duk a kan kati ɗaya ya gina ta, katin Buzuzu, kuma doka ta yarda mutum ya sa iri ɗaya har guda huɗu. Uku ne a hannunsa. Ya zagaye 'yan wasa kaf bai samu na huɗu ba, don duk wanda ya buɗe fakiti ya ga Buzuzu, kwandon shara yake nema. Mai shagon ma dariya ya yi har da riƙe ciki. Daga nan Dogo ya tuna cewa bara ya jibge wa Kaka kwalin katunan da ba mai so, ita kuma take naɗe zare a jikinsu.

"Buzuzu?" Kaka ta sauke ƙafa daga kan keke. "Mai tura kashi? Duk dabbobin da Allah ya halitta, ga zaki, ga giwa, ga damisa, kai sai ka zaɓi ɗan'uwanka?"

"A dangin matata na gan shi, shi ya sa ya shiga raina."

"Dangina ba sa tafiya da baya. Wato caca ka koma."

"Ba caca ba ce, Kaka, ko sisi ba a sawa. Lissafi ne da dabara."

"Dabara a wannan kan naka? Kai da ka kai shekara bakwai kana sa takalmi hagu a dama?"

"Ke kika koya mini, lokacin ba ki da tabarau."

Ta jawo gwangwanin ta ɗora a cinya, ta danne murfin da gwiwar hannu. "Ko taɓa shi ba za ka yi ba sai na ga abin da ƙwaron nan ya iya. Gani ya kori ji. Zo mu buga."

"Ke? Ko lambar wayarki ba ki riƙe ba."

"Na riƙe awon mutum ɗari a kaina, har da na wandonka lokacin da kake jiƙa shi. Share teburin."

Dogo ya dubi agogo, biyu da rabi. Ya san kakarsa, in ta kafe ko gidan zai rushe ba ta motsi. Ya ture guntayen yadi gefe, ya ba ta tsohuwar rundunarsa, wadda ya shekara biyu yana tarawa: Zaki, Gaggafa, Dodo mai aman wuta, duk manyan da 'yan shago ke alfahari da su. Ya bayyana mata a taƙaice. Kowace dabba da lambar ƙarfinta a kusurwa. Mai ƙarfi yana kashe mai rauni. Duk wadda ta mutu a ajiye ta gefe, wurin da ake kira juji.

"Wannan mai gashin wuyan fa?"

"Zaki ne. Ƙarfinsa tara."

"Naka kuma?"

"Fara. Ɗaya."

"Allah ya jiƙan fara." Ta ɗauke katin da yatsu biyu ta jefa a juji. "Kawo wani."

Ya kawo Kwaɗo, ta aika da shi. Ya kawo Ɓera, ya bi sahu. Tururuwa uku suka taru suka kayar mata da Gaggafa, su ma suka mutu a wurin, ba ta ko damu ba. Tsohuwar da take kukan gwiwa kullum sai ga ta a tsaye, tana buga kati a tebur har almakashi yana tsalle, juji kuwa sai cika yake yi.

"Wannan ce rundunar? Wannan ai sharar tsakar gida ce! Da wannan za ka je gasa? Gara ka aike ni."

"In na aike ki sai an nemo miki kujera mai taya."

"A kan kujerar zan cinye su. Kai, wa ya haifi wannan yaro? Ɗiyata ba ta haifi rago ba, canza mana kai aka yi a asibiti."

"Ki dai bi a hankali, amarya. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba."

"Kunama tana da harbi. Naka me yake da shi, wari?"

Dogo ya dubi katunan hannunsa. Har yanzu Buzuzu bai zo ba, kuma wannan ita ce matsalar mai guda uku kacal: sau da yawa yakan makara, a gama da mutum kafin ya iso. Ya jawo kati na gaba ya leƙa, ya sauke numfashi. A hankali ya ajiye shi a gaban Zaki.

Ɗan ƙaramin ƙwaro ne baƙi, a tsaye a kan ƙwallon da ya ninka shi girma sau goma, ya ɗaga kai sama, taurari sun cika bayansa. Kaka ta kalli hoton, ta kawar da ido da sauri.

"Ɗaya," ta ce. "Har da shi ma ɗaya. Zaki, ga kayan shafe baki."

"Tsaya in karanta miki rubutun da ke ƙasa. Ƙarfinsa ɗaya ne. Amma duk katin da ke kwance a juji, nawa da naki, yana ƙara masa ɗaya."

"Sake faɗa."

Ya sake. Ta gyara tabarau, ta lashi yatsa ta shiga ƙirga jujin tana motsa leɓe. Ta gama ta sake farawa daga farko.

"Sha bakwai."

"Da nasa ɗaya."

"Sha takwas." Ta dubi Zaki. "Wannan kuma tara."

"Ninki biyu cif."

Kaka ta koma kan kujera ta zauna sannu a hankali. Dogo ya sa hannu ya ɗauke Zaki ya kwantar da shi a kan Fara da Kwaɗo. Sati uku ke nan da ya gano wannan abu, amma har yau in ya faru sai tsigar jikinsa ta tashi. Katin da ɗaruruwan mutane suka riƙe suka zubar, ba wanda ya tsaya ya karanta layi biyun nan har ƙarshe.

"Wato," in ji Kaka, muryarta ta yi ƙasa, "duk kisan da nake yi ina tsalle, abinci nake tara masa?"

"Ke kika yi masa noman."

"Ikon Allah. Da abin da aka zubar yake ƙarfi." Ta girgiza kai. "Kuma yanzu Zakin ma ya zama nasa?"

"Sha tara ke nan."

"La ilaha illallahu. To me ya hau yi a kan ƙwallon?"

"Haka na gaskiya ma yake yi. Na karanta, in ya gama dunƙula kayansa sai ya hau kai ya juya, ya dubi rana ko taurari, ya ɗauki saiti. Daga nan ya sauko ya tura da baya, a miƙe, ba ya karkacewa."

"Na gani da idona ina yarinya! Na ɗauka rawa yake yi, yana yi mana yanga. Ashe hanya yake tambayar sama." Ta nuna ƙwaron da yatsa. "Kansa a ƙasa, kaya a ƙafa, amma ya san inda za shi. Kai da ido biyu a gaba, ƙofar nan kullum sai ta buge ka."

Ta turo masa gwangwanin ba tare da ya roƙa ba. Dogo ya zube shi a tebur. Katuna sun fi hamsin, kowanne a naɗe da zare, ja, kore, ruwan toka, ba a ganin komai sai kusurwoyi. Ya dinga ɗaga zaren da farce yana leƙawa, har ya ware Buzuzu bakwai. Ya warware na farko da rawar jiki, zare yana zuba a ƙafarsa, sai hannunsa ya tsaya cak. A gefen katin akwai 'yar tsaga, aikin almakashi.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Wurin maƙale bakin zare mana. In ba a tsaga ba ai warwarewa zai yi. Ko wannan ma sai an kai ka makaranta?"

Ya warware na biyu, tsaga. Na uku, tsaga. Har na bakwai, duk wuri ɗaya, duk tsayi ɗaya, don Kaka ba ta aikin ganin dama. A gasa kuwa ba a karɓar katin da ke da alama ko ta ƙwayar gero, saboda mutum zai iya shafa shi da yatsa ya gane shi a cikin tari. Ya faɗa mata haka. Agogo ya nuna uku da minti ashirin.

Dogo ya zauna a ƙasa cikin zare. Ba kofin gasar ne ya dame shi ba. So yake ya ajiye ƙwaron nan a gaban mutanen da suka yi masa dariya, ya ga fuskokinsu sun yi yadda ta Kaka ta yi ɗazu. Yanzu ko dai ya cusa wani kati na cike gurbi ya je yana addu'a, ko ya tsaya a baya yana kallo.

"Kin yanke wa dakaruna kunne, Kaka. Bakwai."

"Da ka ce mini dakaru ne? Shara ka ce, ka ajiye ka tafi." Ta dube shi ta saman tabarau. "Tashi, ƙaton banza, kana zaune mini a kan zare."

Bai tashi ba. Kaka ta yi tsaki, ta jawo aljihun keke ta ɗauko gidan tabaranta. Ta buɗe, ta ɗaga ƙyallen da ke shimfiɗe a ciki, ta zaro wani abu. Buzuzu ne, sabo fil, ko lanƙwasa babu.

Dogo ya miƙe har kansa ya kusa taɓa fanka. "Ke da kika ce mai wari ne!"

"Yi mini shiru. Takwas ne a kwalin. Na yanka bakwai ban ko kalle su ba. Na takwas na ɗaga almakashi, sai idona ya faɗa kan hoton, hannuna ya ƙi." Ta shafa katin da babban yatsa. "Rubutun ya yi mini ƙanana, ban san me ya ce ba. Na dai ga ɗan abu a kan kayan da suka fi shi, yana kallon sama. Da kakanka ya rasu, da guntayen da manyan teloli ke zubarwa na ɗinka rigunan yara na sayar, na raini mutum shida, har da uwarka. In ɗinki ya gajiyar da ni sai in buɗe in kalle shi."

Dogo ya matso kusa da ita. Ya miƙa hannu biyu. Ta janye katin.

"Kai, a banza? Ka warware mini zare bakwai, a kan me zan naɗe? Ba ni mai gashin wuyan nan."

"Zaki? Kaka, shekara guda na yi ina nemansa! Akwai wanda ya ce zai ba ni kati talatin a kansa!"

"Wanda ƙwaro ya kayar a gabana? Kwalinsa dai da kauri, zai riƙe zare. Saura minti talatin da biyar, angona. Zaɓi."

Ya dubi Zaki a saman juji, ya dubi Buzuzu a hannunta. Ya ɗauko Zakin ya miƙa mata yana kawar da kai. Ƙyas! Almakashi ya shiga gefen sarkin dawa, Kaka ta maƙale bakin jan zare ta fara naɗewa, daga wuya zuwa wutsiya. Dogo ya dafe ƙirji, sai kuma dariya ta ƙwace masa har ya jingina da bango.

"Na sallama, amarya. Kin fi ƙarfina."

"Dama can." Ta sa masa Buzuzu a tafin hannu ta rufe yatsunsa a kai. "Aro na ba ka, ba kyauta ba. Je ka nuna musu, ka dawo mini da abina ko ƙura babu."