Ruwan Bayan Bariki

A shekarar da Nasara suka gina bariki a Gaya, na koya wa fatake hukuncin ruwan alwala: a duba launi, wari da ɗanɗano. Ran nan da la'asar muka iske kududdufi bayan bariki.

Ɗanjuma mai jakuna ya toshe hanci. "Malam, wari yake!"

Ni kuwa mura nake yi. Na ce, "Laka ce kawai." Na kurkure baki sau uku, a tsanake, don su koya. Sai ga mai wankin Nasara ya leƙo ta katanga, ya ƙara juye ruwan dauɗa a cikin kududdufin.

Har yau in Ɗanjuma ya ga kwata, sai ya rusuna: "Allah gafarta Malam, a ɗanɗana mana."