Ranar da na tura mai rawani limanci

Ko zan manta da komai na zamana a Alƙahira, ban da yammacin da na ja baƙona gaban sahu.

Aski nake yi a unguwar Arba wa Nus. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, wanda wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu suka buɗe a ɗakinsu na unguwar Madinat Nasr. Kawu suke ce mini, suna tsokanata wai ban san kowa a Masar ba sai ƙeyar mutane. Ina murmushi, amma abin yana ci mini rai.

A kasuwar Ataba, inda nake sayen reza, akwai wani Ba'indiye mai shagon yadi. Shuɗin rawani, gemu har ƙirji, magana a tsanake. Kullum da rana yakan ajiye tukunyar abinci a ƙofar shago, ɗan dako da attajiri su zauna a tabarma ɗaya su ci. Na ce a raina wannan waliyyi ne. Ina ce masa Ya Shaikh, yana dariya yana cewa sunansa Singh. (Na ɗauka tawali'u ne. Rashin ganinsa a masallaci kuwa, na ce ai irinsu ba sa salla a masallacin kasuwa.)

Da muka sauke littafin farko aka shirya walima. Na ce wa malaminmu Auwalu, "Zan kawo muku babban shehi daga Indiya, ku ga ko ƙeya kaɗai na sani."

"Tamam, Kawu. Allah ya sa ba mai gadi za ka naɗa wa rawani ba."

Ya zo kuwa, har da tukunyarsa. Ya zauna a ƙasa yana zuba wa kowa da hannunsa, ni kuma ina ta hura hanci. Auwalu ya ga awarwaron ƙarfe a hannunsa, ya fara ƙyafta mini ido. Na ɗauka hassada ce.

Aka kira magariba, aka yi sahu. Na kamo hannun baƙona na ja shi gaba.

"Yalla ya Shaikh, bismillah."

Ya dafa ƙirji. "Ma'alish, yi haƙuri ɗan'uwa, ni ba Musulmi ba ne. Sikh ne ni."

Wani a sahun baya ya kama tari irin na mai haɗiye dariya. Auwalu ne ya ja mu, kuma har yau ban san surar da ya karanta ba.

Da aka idar, muka sami baƙon yana haɗa mana shayi. Ya yi mana bayani, Auwalu na fassarawa. Addininsu ya samo asali a yankin Punjab shekaru ɗari biyar da wani abu da suka wuce, daga wani malami, Guru Nanak. Sun yi imani da Ubangiji ɗaya, awarwaron hannunsa ma alamar addininsu ce. Ana koya musu ambatonsa, da cin guminsu, da raba abin da suka samu. Ba babba ba ƙarami a wajen cin abinci, shi ya sa tabarmar take ɗaya.

Sai na ga dama ta samu ta wanke kaina.

"Auwalu, gaya masa daga yau askinsa kyauta ne a wajena, kai da gemu."

"Kawu, don Allah ka rufa mana asiri. Ba sa aski. Gashin da bai taɓa yankewa ba ne a cikin rawanin, ibada ce a wajensu."

Amma wani ɗan neman magana ya riga ya fassara. Singh ya yi dariya har da hawaye.

Yanzu yakan zo shagona, ya hau kujerar aski, ya sha shayi, ya tafi da gashinsa cif. Ɗaliban kuwa sun daina zancen ƙeya, Kawu mai naɗa limamai suke ce mini. Allon kan hanya dai na iya karanta shi ni kaɗai. Mutum kuwa, komai girman rawaninsa, tambayarsa nake yi.