Ranar da Inna ta yi wa mai haƙa kabari amin

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kai Baba Sidi asibiti ba, kuma ko na so in manta, matarsa ba za ta bar ni ba.

Ni gyaran wutar mota nake yi a nan Agadez. Shekarun baya na tsinci wata 'yar kile, irin wadda ake zuba waƙoƙi a ciki, maƙale a rediyon wata tsohuwar mota da wani Bature ya sayar ya yi gaba. Na jona ta don in ji ko tana aiki, sai ga wata murya kamar daga ƙasan rijiya, ga ƙararrawa, ga kiɗa mai jan ƙafa. Waƙoƙin duk na mutuwa ne da kabari, amma da shaƙiyanci. Akwai ta gawar da ke ƙorafin maƙwabcinta ya cika minshari. Akwai ta ƙwarangwal da ya je neman aure aka ce ya koma ya ɗan yi ƙiba tukuna. Faransancina na lakwal, wato makarantar boko, wanda ya tsaya a tsakiyar kwaleji, ya ishe ni in gane su in yi ta dariya ni kaɗai a ƙarƙashin mota. Abokan aikina na garaji, masu son gitar Abzinawa, sun ce kiɗan aljanu nake ji. Ban damu ba. Ina son waƙoƙin nan, har gobe ma.

A lokacin ina neman auren Mariyama. Manyana sun kai gaisuwa an karɓa, amma ba a sa rana ba. Mahaifinta, Baba Sidi, ya ce a dakata sai an yi masa aikin da likita ya ce za a yi masa a ciki. Dattijo ne mai sayar da gishirin Tigidda da dabino a kasuwa, kullum rawaninsa a rufe da baki, ido kawai ake gani, maganarsa kuma ba ta wuce kalma uku ko huɗu. Tsoronsa nake ji ba kaɗan ba. Da Mariyama ta ce ana neman motar da za ta kai shi asibiti, na yi wuf na ce ga tawa. Dama ce ta in nuna ni ɗan kirki ne.

Na wanke motar, na fesa turare, na sa babbar riga. Abu ɗaya na manta. Rediyon motata na haɗa shi kai tsaye da makulli, da ka tayar da mota sai ya kama, maɓallin rage murya kuma ya faɗi tun bara. (E, na sani, sana'ata ce. Motocin mutane nake gyarawa, tawa kullum sai gobe.) Da na iso ƙofar gidan na kashe mota, kilen tana nan a jone ban lura ba.

Baba ya shiga gaba, Inna matarsa ta shiga baya da tabarma da butar shayi. Na ce bismillah na murɗa makulli. Ƙararrawa ta buga sau uku, muryar rijiyar nan ta cika motar. Cikin duk waƙoƙin kuma wadda ta faɗo ita ce ta mai haƙa kabari da ke bin wani majinyaci da igiyar awo, yana roƙonsa ya miƙe ƙafafu sosai don kada a yi aiki biyu.

Na kai hannu zan fizge kilen, sai Baba ya ɗaga yatsa.

"Bar shi," ya ce.

Wanda ya san kunyar suruki ya san ba a musu. Ko ido ba ka haɗawa da shi, balle ka ce a'a. Na mayar da hannuna kan sitiyari. Na lallashi kaina da cewa mai sayar da gishiri ina zai ji Faransanci, bare wannan da ake rerawa ta cikin maƙogwaro.

Mun wuce tsohon gari, sai Inna ta leƙo daga baya. "Ɗana, mi mutumin ga yake cewa? Muryarshi kamar marar lahiya."

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma ina son a san Mariyama ta samo mai ilimi. Sai na gyara murya na ce, "Inna, fatan alheri ne yake wa marasa lahiya. Ya ce Allah ya ba da sauƙi."

"Amin," in ji Inna.

Mai haƙa kabari ya tambayi majinyacin ko ya fi son inuwa ko rana. Na ce, "Ya ce Allah ya sa a tashi ƙalau." Inna ta ce amin. Ya yi masa alkawarin ba zai sa shi kusa da mai minshari ba. Na ce, "Allah ya ƙara tsawon rai." Inna ta shafa fuska ta ce, "Ashe cikin Nasara ma akwai masu tausayi." Ni kuwa har na fara jin daɗin kaina, ina ƙara gishiri. Ta gefen ido na ga kafaɗun Baba suna rawa, na ɗauka ciwon ne ya motsa, har na rage gudu a kan ramuka.

A ƙofar asibiti na zagaya na buɗe masa. Ya sauko a hankali, ya jira Inna ta yi gaba da tabarmarta, sannan ya matso kusa da kunnena.

"Un mètre quatre-vingts," ya ce, da Faransanci mai tsabta irin wanda ban taɓa ji a bakin malamanmu ba. "Mita ɗaya da santimita tamanin, tsawona ke nan. Ka hwaɗa ma abokinka, kada ya wahala da igiya."

Ya shige ciki. Ni kuwa na tsaya riƙe da ƙofar mota har mai gadi ya zo ya ce in matsa.

Da na kira Mariyama na zayyana mata, sai ta ce, "Ba ka san Baba ya yi shekaru yana gid ba? Shi ke kai masu yawon buɗe ido cikin hamadar Tenere kahin a haihe ni." Na ce ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce ban taɓa tambaya ba. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Na riga na sallama: wa zai ba da 'yarsa ga wanda ya kai shi ɗakin aiki da waƙar kabari, ya kuma yi wa matarsa ƙarya a gabansa?

An yi aiki lafiya. Rana ta huɗu na daure na je dubiya da ledar lemo, na durƙusa can bakin ƙofa. Baba ya aiki Inna neman ruwan zafi, ya yafito ni.

"Tun ranar da likita ya ce aiki," ya ce, "kowa ya shigo gidana da huskar ta'aziyya yake shigowa. Ni kaina tsoro nike ji, ban hwaɗa ma kowa ba. Wannan mahaukacin naka shi kaɗai ya ba ni dariya. Da dariya na shiga wurin likita."

Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, har na fara murmushi.

"Waƙa ba ta dame ni ba," ya ci gaba. "Ƙaryar ce. Ba ni ka yi ma ita ba, uwar yarinya ka yi ma. In ta dawo ka hwassara mata gaskiya, baiti baiti. In ta yahe, sai a sa rana."

Haka aka yi. Ina durƙushe, kaina a ƙasa, na fassara wa Inna igiyar awo, da inuwa ko rana, da mai minshari, Baba yana gyara mini inda na yi kuskure, yana dafe da ɗinkinsa don kada dariya ta ɓalle shi. Inna ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ajiye butar.

"To, Allah ya shirye ka," ta ce. Ta tsura mini ido. "Ka ce amin mana. Wannan na san ma'anarta."

Na ce amin. Bayan sati biyu aka sa rana.

Yanzu 'ya'yanmu biyu da Mariyama. Baba ya sa na zuba masa waƙoƙin a wayarsa, yana ji a rumfarsa idan kasuwa ta yi sanyi, kuma ya fi ni gane barkwancin. Na koyi cewa "ban sani ba" magana ce mai sauƙi da ba ta taɓa sa kowa durƙuso a asibiti ba, kuma rufaffen baki ba ya nufin rufaffen kunne. Inna ta yafe, amma har yau idan na yi addu'a a gidansu, sai ta dubi Mariyama tukuna. Idan Mariyama ta gyaɗa kai, sannan ta amsa.